Takarda Zuwa ga Sabon Yaron Shago, Mataimakin Masu Rubuta Manhaja

Daga Dungu, ƙasar Matameye.

Malam Mataimaki,

Da fatan rezo bai yanke maka ba. Masu wannan takarda samari uku ne ƴan Dungu. Biyu sun gama Jami'ar André Salifou ta Damagaram, na ukun kuwa a salula ya koyi sana'ar. Masu lambu sun ba su aikin haɗa manhajar da za ta riƙe lissafin bashin taki da iri, sai suka ce bari su ɗauke ka aiki, tunda ko'ina labarinka ake.

Sun binciki asalinka kamar na mai neman aure. Yayanku GitHub Copilot ya fito a 2021, shekara uku bayan Microsoft ta sayi GitHub kan dalar Amurka biliyan 7.5. A 2022 aka sa masa farashi, dala 10 a wata, wajen jikka shida ke nan. A Disamban 2024 aka buɗe ƙofar kyauta mai iyaka. Gidan dai babba ne.

Ranar farko ka burge su. Aikin da suka ware wa mako guda ka zubo shi kafin shayi ya huce.

Rana ta biyu aka fara jin ɗuriyarka. An rubuta maka cewa wani manomi ya ci bashin dala ashirin, kai kuma ka ruga ka nemo canjin kuɗin Amurka, ka ɗora wa bawan Allah bashin da ya haura jikka goma. Malam, a nan dala tamma biyar ce. Dala ashirin sefa ɗari ce, kuɗin ƙosai. Da wannan lissafi ya kai gaban mai gari, da samarin nan sun kwana a kulle. Tiyar hatsi ma ka ɗauke ta shayin Turawa.

Sai zancen haihuwa. Ka kafe sai kowa ya ba da rana da wata, alhali dattawa da yawa takardarsu cewa ta yi an haife su wajen shekara kaza. Da aka matsa maka, ka mayar da su duka ƴan 1 ga Janairu, tamkar unguwa guda aka haifa dare ɗaya. Haruffa masu lanƙwasa kuwa ka share su wai gyara kake: inda aka rubuta bashi ya ƙare, ka bar wa mutane kare a cikin littafi.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne ba ka taɓa cewa ba ka sani ba. Ka kira musu wani ƙunshin manhaja da babu shi a duniya, da sunansa da komai, ko ƙifta ido ba ka yi ba. Da aka kama ka, ka ba da haƙuri cikin ladabi, ka sake ƙirƙiro wani.

Ashe ba su kaɗai ba ne. A Yulin 2025 cibiyar METR ta Amurka ta gwada ƙwararru 16 da irinku. Aikinsu ya ƙara daɗewa da kashi 19 cikin ɗari, su kuwa suna ganin sun ƙara sauri da kashi 20.

Duk da haka ba za a kore ka ba, don wajen rubuta gwaji da fassara saƙon kuskure daga Ingilishi ba ka da na biyu. Amma an kafa maka doka. An rubuta takardar gida wadda za ka karanta kullum kafin ka taɓa komai, ciki har da ma'anar dala, jikka da tiya. Ba layin da zai shiga manhaja sai mutum ya duba shi. Sunayen manoma da lambobin wayarsu kuma ba za ka sake gani ba.

Gwajinka zai kai kaka. Ka shirya gobe da hantsi, in kuran ya zo.

Naka,
Mai rubuta wa samarin Dungu.