Murjanin Hajiya Ma Dabba Ne

Tun ban buɗe baki ba na san abin da za ku ce. Mu da ke Kanvili a Tamale, inda ko rafin kirki sai an hau babur an nemo, ina ruwanmu da duwatsun ƙarƙashin teku? Alhaji mai goro ma ya riga ya yanke hukunci a majalisar gindin dalbejiya, wai sai wanda ya ci ya ƙoshi ke leƙa cikin dutse. To Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ba dutse ba ne. Jan murjanin nan da ka sa wa Hajiya a lefe ƙashin wata 'yar dabba ce ta Bahar Rum, tun zamanin fatake ake ƙetaro Sahara da shi. In kuwa na roba ka sayo mata, wannan tsakaninku ne.

Danginsa na ruwan ɗumi su ne magina. Su suka tayar da ganuwar da ke gaɓar Ostireliya mai tsawon kilomita 2,300, wato Tamale zuwa Accra kusan sau huɗu, ba siminti ba ɗan kwangila. Sai dai maginin nan malalaci ne wajen girki. A cikin jikinsa ya ajiye ɗan haya, wani gansakuka da ido ba ya gani, mai dafa abinci da hasken rana ya biya haya da shi. Da ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya na 'yan makonni, sai maigida ya fatattaki ɗan haya, ya koma fari fat, yunwa ta hau shi. Haka aka yi a ganuwar nan a 1998 da 2016 da 2017 da 2024.

Na ji dariyarku. Digiri ɗaya? Mu da muke shan 40 a watan Maris muna kora ta da shayi? Ku dakata, maganar tana zuwa kanku.

A 2011 masana a Okinawa ta Japan suka karance kundin gadon wani murjani mai suna Acropora digitifera, haruffa kimanin miliyan 420, ƙwayoyin gado sama da 23,000. Sai suka tarar babu umarnin haɗa wani sinadari da jiki ke buƙata, alamar ɗan hayan ne ke samar masa. Kun dai san magidancin da ke cika baki har uwargida ta yi yaji, alhali ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Ban kira suna ba, Malam, me ya sa ka sunkuyar da kai?

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin Stephen Palumbi na Jami'ar Stanford da abokansa a tsibirin Ofu na Samowa ta Amurka. Can akwai wasu kududdufai da ke kai digiri 35 idan teku ta janye, amma murjanin cikinsu ko gezau. A 2013 suka gano cewa wajen ƙwayoyin gado 60 na kariya a kunne suke a jikinsa tun zafin bai zo ba. Ɗan Tamale ke nan sak: kafin magariba ya fitar da tabarma tsakar gida, randa cike. Suka kuma ɗebo na kududdufi mai sanyi suka dasa a mai zafi, cikin ƙasa da shekara biyu ya ƙaru da juriya, amma bai kamo 'yan gida ba. Ku tuna ma'aikacin da aka turo daga Kumasi. Shekarar farko kuka da mafici, ta biyu ga shi yana narkar tuwon zafi da tsakar rana, amma har gobe shi ke fara neman inuwa. Rabin abin sabo ne, rabin gado, kuma gadon masana ke farauta don su san irin da za a dasa inda ya mutu.

Kada ma ku ce baƙon abu ne. Nan kusa a Nyankpala, ma'aikatan cibiyar binciken noma ta SARI na tace irin masara da wake masu jure fari, kuna karɓa kuna shukawa ba gardama. Na teku ne kawai ya zama aikin masu ƙoshi?

Shi kuma mai cewa Gana ba ta da murjani, a 2012 jirgin bincike na Dr Fridtjof Nansen ya gano wani tudunsa a tekun yammacin ƙasar nan, a zurfin kimanin mita 400, cikin duhu da sanyi, ba ɗan haya ba rigima. Da na faɗi haka sai Alhaji ya ajiye kofin shayi, ya matso, ya rage murya: shi wannan namun, nawa ake sayar da tsakiya ɗaya? Ba na ado ba ne, Alhaji, amma in ka iya nutso ga hanya nan, a gaida mutanen Takoradi.