Mayaƙan Gindin Bedi

Da ƙasar Sin ta ga wasan intanet yana neman cinye mata yara, sai ta kafa doka a watan Agustan 2021: duk wanda bai kai shekara 18 ba, awa ɗaya gare shi, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, shi ma sai Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Koriya ta Kudu ta riga ta gwada irin wannan, ta yi shekara goma tana rufe wa yara wasa daga tsakar dare zuwa safiya, kafin ta janye dokar a 2021. Mu a Tagriss, nan cikin gundumar Dakoro, ba mu wahalar da majalisa ba. Hukumomi uku ne ke kula mana da lamarin, kuma ba a ɗaukaka ƙara a gabansu: batiri, rezo da forfe. In ɗaya ya ce a tashi, to an tashi.

Duk da wannan takunkumi, runduna ta kafu. Ka leƙa kowace fadar samari bayan isha'i, shayi yana tafasa har ya ƙone babu mai sauke shi, fuskoki sun yi shuɗi da hasken waya. Yawanci Free Fire ake bugawa, wanda kamfanin Garena na Singafo ya saki a 2017, domin shi ne ƙaramar itel ko Tecno ke iya ɗauka ba tare da ta suma ba. Mutum 50 ake zubowa daga jirgi a kan tsibiri, fili yana ta ƙuntata, cikin kamar minti goma wanda ya rage da rai shi ne gwani. PUBG na masu babbar waya ne, mutum 100 da kusan rabin awa. Masu son ƙwallo suna gefe da eFootball ɗinsu, suna sayen 'yan wasan da ko Real Madrid ba ta iya haɗawa.

Na farko a rundunar shi ne Janar. Ba wanda ya naɗa shi, murya ce ta ba shi muƙamin. Yana kwance rigingine a kan tabarma, abin ji ɗaya a kunne ɗaya yana lilo, yana ba da umarni cikin harsuna uku: Hausa ga na kusa, Faransanci ga wani ɗan Abijan da bai taɓa gani ba, sai wani guntun Turanci da shi kansa bai san ma'anarsa ba. “Ku bi ta hagu! Kai, ɗaga ni, an kayar da ni!” Mutumin da ke tsara yadda za a kewaye gari guda a yi masa ƙawanya, shi ne kwana uku ana roƙonsa ya gyara dangar gidansu da akuya ta faɗa.

Daga cikin gida inna ta ƙwala masa kira. Ya ce, “Inna, ina zuwa!” Ta sake. Ya ce, “Inna, wallahi ba a tsayar da shi!” A nan dole in ba Janar gaskiyarsa. Wasan da ake yi da mutane masu rai ba shi da maɓallin dakatawa, kuma in ka fice ka bar abokanka uku a fagen fama, maki ya zube, mutunci ma ya zube. Masu ƙera wasan sun san da haka sarai. Sun gane kunyar aboki ta fi kowace igiya ɗaure mutum, sai suka gina kasuwarsu a kanta. Inna dai ba ta san Garena ba. Abin da ta sani, hura ta yi tsami tana jiran mai kai wa baba.

Kusa da Janar akwai wanda ba a taɓa ci ba. Tun da ya fara wasa babu ɗan adam da ya taɓa kashe shi, kullum rezo ne. Shi ya san kowane tudu a kewayen gari da adadin sandunan da yake bayarwa, ya san wurin da za a tsaya kusa da rumbun wane a samu 4G na minti biyu. Za ka hango shi da tsakar rana a kan jigawa, rawani ya rufe kai da waya gaba ɗaya don ya ga allo. Gilashin wayar ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, an liƙe da salatif. Babban yatsansa ya yi kanta, ya barbaɗa masa hodar ƙanwarsa don ya riƙa sulɓi. In wayar ta yi zafi sai ya kwantar da ita a jikin tulu ta huce. Da lambar nan ta 999, alamar rezo ya yi rauni, ta fito ja a saman allo, sojansa ya sandare, wani yaro daga Kazablanka ya zo ya harbe shi a tsanake. Rabin lokaci gaskiya yake faɗa, shi ya sa ba a iya kama shi a sauran rabin.

Ɗan “partaje mini” kuwa bai taɓa sayen forfe ba. Airtel, Moov, Zamani, duk yana da layinsu, duk babu ko dala a ciki. Gaisuwarsa ita ce, “Babban yaya, buɗe mini minti biyar kawai.” Minti biyar ɗinsa sai saƙo ya shigo maka cewa megarka ta ƙare.

Bayan kowane mai waya kuma akwai ƙannai huɗu ko biyar da suka ɗora haɓa a kafaɗarsa. Ba su taɓa riƙe wasan ba, amma sun san sunan kowace bindiga da inda ake tsintar sulke. Su ne majalisar shawara. “Yaya, ga shi can bayan bishiya!” In an ci, yaya ne gwani. In an faɗi, su suka yi masa surutu, sai ranƙwashi.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mai tufatar da soja. Wasan kyauta ne, haka aka ce, amma a ciki akwai kanti. A Free Fire da lu'ulu'u ake sayayya, a PUBG da wani kuɗi mai suna UC, kuma dukansu da sefa ta gaske ake canjo su. Abokinmu ya kai kazar gida kasuwa, ya tura jaka biyu ga wani dillali a Maradi, aka zuba masa lu'ulu'u. Yanzu sojansa na sanye da riga mai walƙiya da takalmin zinariya, yana taka wata rawa in ya yi nasara. Shi kuma mai sojan, silifas ɗinsa da waya aka ɗaure. Abin bai tsaya ga saye ba. Sau da yawa ba rigar ake sayar maka ba, damar buɗe wani akwatin sa'a ake sayar maka, ko rigar ta fito ko tarkace. Ƙasar Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatunan sa'a a 2018 ta ce caca ce, kuma ban ga inda ta yi ƙarya ba. Ƙara da kyautar da ake ba wanda ya leƙo kowace rana, da matsayin da ake rage wa kowa in zango ya ƙare don a sake hawa daga ƙasa, za ka ga cewa mutane masu digiri ne suka zauna a ofis mai sanyi suka yi lissafin yadda ɗan Tagriss ba zai yi barci ba.

Akwai wanda abinsa ya wuce dariya kaɗan, wato yaron da aka ba kiwo aka kuma ba waya. Ƙasar Dakoro gaɓa ce tsakanin gona da makiyaya, tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa saboda irin wannan zaman. Minti goma na wasa ya ishi garke ya shiga wake ya yi kaca-kaca. Washegari ana gaban maigari ana ƙiyasta ɓarna, uban yaro yana rantsuwa cewa ɗansa bai taɓa sakaci ba, ɗan kuma yana tsugune yana tunanin cewa saura mutum biyu ya zama na ɗaya.

Sai ango. Wata uku da biki, amarya ta gane an yi mata kishiya, kishiyar da ba a raba kwana da ita domin duk kwanakin nata ne. “Malam, tuwo zai huce.” “To.” “Malam, an yi rasuwa gidan kawu.” “Madalla.” Ranar da ta ɓoye caja a cikin tukunyar daddawa, unguwa ta ji abin da ba ta ji ba ko ranar da ɓarawo ya shigo.

Za a lura babu mace a rundunar nan, sai 'yar Ludo King jefi-jefi da dare. Dalilin ba ƙarancin basira ba ne. Wadda ta tashi da asuba ta yi daka, ta bi layi a rijiyoyin nan namu masu zurfin tsiya, ta nemo itace, ba ta da awa huɗu da za ta kai tsibiri. Wasan nan rarar lokaci yake ci, rarar lokaci kuma a rani ta samari ce.

Mai tuba yana da ban tausayi. Duk jajibirin azumi sai ya tara jama'a ya goge wasan a gabansu, har da ɗan jawabi. Kwana biyu yana zaune a fada yana kallon na wasu, yatsunsa suna motsi su kaɗai. Ran na uku ya matso kusa da aboki murya ƙasa-ƙasa, “Buɗe Xender ɗinka ka turo mini wasan.” Ya goge ya mayar har wayar ta haddace hanya.

Kada mu manta da rundunar adawa. Shugabanta wani dattijo ne da ke cewa yaran yanzu sun lalace, sun bar aiki sun kama wasa. Yana faɗar haka ne daga gindin bedi, inda ya haƙa gurabe talatin a yashi tun hantsi yana dara, tsinke goma sha biyu gare shi, abokin karawarsa tsakuwa goma sha biyu, kuma shi ma sai an aiko kira uku kafin ya tashi. Laifi tudu ne. Mataimakinsa ya fi shi ilimi, domin ya ji a rediyo cewa majalisar Iraƙi ta haramta PUBG a 2019, malaman lardin Aceh na Indunusiya sun yi fatawa a kansa a shekarar, Indiya ma ta toshe shi a 2020. Duk gaskiya ne, sai dai na Indiya rigimarta da Sin ce da batun bayanan jama'a, ba tarbiyya ba. Yakan kawo hujjojin nan ne tsakanin saƙon murya na WhatsApp na arba'in da na arba'in da ɗaya.

Ni dai ba na cikin masu cewa duk sharri ne, saboda ɗan ci-rani. Yana Tamanrasset ko Sabha ko wurin haƙar zinariya a arewacin Agadas, ya wuni yana ɗaukar siminti ko yana cikin rami. Da dare ya shiga wasa, ya tarar da abokan da suka yi langa tare suna jiransa. Harbin kaɗan ne, hirar ce da yawa: nawa tiyar hatsi, wa ya yi aure, wa ya ɗauki takobin kokowa bana, an ga kuɗin da ya turo ko ba a gani ba. Wanda ya taɓa kwana a ƙasar da ba a jin harshensa ba zai yi saurin tsine wa wannan ba.

Amma akwai guda ɗaya da ba na yi wa dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasa cikin kundin cututtukanta a 2019, kundin ya fara aiki a Janairun 2022. Ba yawan awanni ta ƙirga ba. Alamu uku ta kafa: mutum ya kasa riƙe kansa, wasa ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, har abin ya kai kamar shekara guda. Ta kuma ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan. Kaɗan ɗin muna da su. Shi ne ɗan kwalejin da ke barci a aji har jarrabawar BEPC ta wuce shi, ya rame, ya daina zuwa suna da jana'iza, in aka taɓa wayarsa ya zabura wa uwarsa. Mu ma'auninmu bai buƙatar likita. Ranar da ruwan shuka ya sauka, Janar da mai tuba da ɗan “partaje” duk za ka gan su da sungumi tun duku-duku, wayoyi na rataye a rumfa. Wanda ya rage a ɗaki ran nan, shi ne ya kamata a zauna da shi, kuma da lallashi, don fasa wayar bai taɓa warkar da kowa ba, bashin sabuwa kawai yake jawowa.

Mutum ɗaya ne a garin bai taɓa buga wasan ba kuma bai taɓa faɗuwa ba: mai caji. Yana da faifan sola a kan rumfa, batirin mota a ƙarƙashin tebur, da katako mai ramukan soket jere, kowace waya an manna mata lamba. Dala goma ko ashirin yake karɓa, wanda ba shi da shi a rubuta a littafi sai kaka. Ya fi kowa sanin halin da ake ciki. Mai kawo waya sau ɗaya a kwana biyu lafiyarsa ƙalau. Mai kawowa safe da yamma a sa masa ido. Wanda kuwa ke tsugunawa a gindin tebur yana wasa waya na jone, igiya ta ɗaure shi taku ɗaya daga soket, wannan ya zama ɗan gida, har aike ake yi masa. An tambayi mai caji ko a ganinsa wasan nan yana cutar da matasa. Ya gyara hula, ya ce shi ba malami ba ne ba kuma likita ba, ba zai shiga abin da bai sani ba, amma in akwai mai zuwa Maradi ranar kasuwa, yana da saƙon faifai na biyu.