Macijin Kusugu da Ranar Aikinsa

Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan ko Bayajidda ya taɓa taka ƙasar Daura, ko kuwa hikaya ce kurum ta kakanni. Amma ni abin da ya fi ɗaure mini kai a cikin ƙissar shi ne macijin nan na rijiyar Kusugu, wanda, ko da yake bai taɓa zama gaban malami ba, balle ya riƙe alƙalami, ya shimfiɗa wa jama'a ƙa'ida cewa ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Lalle ya fahimci sirrin mulki tun kafin a gina ofis na farko, domin duk wanda ya zo Asabar da tulunsa, amsarsa a shirye take: ya dawo mako mai zuwa.

Da baƙon nan Bayajidda, mutumin Bagadaza, ya sare kan macijin cikin dare, gari na wayewa sai ga jarumai sun cika fadar Sarauniya Daurama, kowa yana rantsuwa shi ya yi aikin, alhali jiya ko guga ba mai iya zurawa. Allah ya so mutumin Bagadaza ya adana kan macijin. In ba haka ba, da wani ya auri sarauniya, shi kuwa a sallame shi da godiya.