Mu da Daɓen Katako a Bronx

Mu Hausawan Bronx da ke birnin Niyok akwai halin da ya haɗa mu: ba ma yarda ɗaki ya tsabtata sai mun ga ruwa kwance a ƙasa. Ko daga Nima ka zo, ko Kumasi, ko Maraɗi, ko Kano, a kan siminti da tayil da leda aka raine ka. Can kuwa tsabta ita ce a cika bokiti, a zuba Omo, a kwara, a bi da tsintsiya, sauran aikin rana ta ƙarasa. Nan fa gidajen hayar da muke ciki tsofaffi ne, da yawansu tun shekarun 1920 da 1930 aka gina su, kuma ƙasan ɗakunan katakon itacen ok ne. In mai haya ya tashi, mai gida kan kira ma'aikata su kankare saman katakon da inji, su shafa masa man foliyuretan sau biyu ko uku har ya riƙa ƙyalli, sannan a miƙa mana mabuɗi.

Mai aikin zai yi bayaninsa dalla-dalla. Kada a taka sai bayan awa 24, shi ma da safa. Kujeru da gado su jira kwana 2 zuwa 3, kuma a ɗaga su a ajiye, ban da ja. Shimfiɗa kuwa sai man ya gama ƙanƙamewa: mai haɗin ruwa yakan ɗauki mako 1 zuwa 2, mai haɗin mai kuma kusan kwana 30. Mu ce masa to, to, mun ji. Kafin la'asar 'yan'uwa sun iso da motar kaya, samari suna ta turo kabad da firji suna "ja can, Alhaji, saura kaɗan!" Da magariba Hajiya ta baje kafet ɗin da ta sayo a Makka tun daga bango har bango. In ka ce mata a dakata sai ta ce ai ta shafa da hannunta, ya bushe ƙarau. Saman ne ya bushe, Hajiya. Cikin yana bukatar iska, in an rufe shi sai zanen kafet ya fito ya zauna daram.

A nan dai muna da ɗan uzuri. Takardun haya da yawa a birnin Niyok suna cewa a rufe kashi 80 cikin 100 na ƙasan gida da shimfiɗa, don kada takun na sama ya hana na ƙasa barci. Mai gida ya ce a rufe, mai aiki ya ce a bari, shi ke nan mun samu abin kafa hujja. Amma makonnin nan ba sa kashe kowa, a dai hana yara tsalle-tsalle. Darduma kuma a shimfiɗa a yi salla a naɗe, ba ta da laifi. Wadda ake gudu ita ce shimfiɗa mai roba a bayanta, don ita ke manne wa sabon mai ta bar tabo.

Babbar rigimar dai ta ruwa ce. Kowace Asabar sai an jiƙa mofa sharkaf an bi ɗaki da ita. Ruwan ya sulale ta tsakanin katakan, su sha su kumbura, gefunansu su ɗago, tsakiya ta lotsa. Itacen ok kuma yana da tanin, sinadarin nan da ke cikin bagaruwa, shi ya sa in ruwa ya daɗe a kansa, musamman inda ya haɗu da ƙarfe, sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Duba ƙofar banɗakin kowane gida namu ka gani. Sau biyar a rana muke fitowa daga alwala ƙafa tana ɗiga, wani har butar yake direwa a kan katakon. Tawul ɗaya a bakin ƙofa daga ciki ya isa ya raba wannan faɗa.

Sai masu dabara. Wannan ta ce ruwan kal ke sa shi sheƙi, alhali tsaminsa dusashe man yake yi sannu a hankali. Waccan ta sayo mofa mai fesa tururi, ta haɗa wa katako zafi da laima lokaci guda. Wani ya goga masa man gogar kujera, yara suka yi ta zamewa, kuma ran da aka zo ƙara sabon shafi ya ƙi kamawa. Abin da katakon ke so bai kai wannan wahala ba: shara da tsintsiya mai laushi ko injin zuƙe ƙura, sai tsumman da aka matse sosai da ɗan sabulun da aka yi don katako. Abin da ya zube a goge shi nan take, manja ne ko lalle ko shayi. Kaskon turaren wuta a ɗora shi a kan faranti ko tayil, don garwashi ɗaya ya isa ya bar shaida. Turmi kuwa, tun kafin katakon ya yi ƙorafi maƙwabcin ƙasa zai hawo.

Da hunturu kuma sabon zance ke tashi. Hita ta busar da iskar ɗaki, katakan su tsuke, tsaga ta bayyana a tsakaninsu, sai ka ji ana cewa mai gida ya yi mana aikin ha'inci. Wani ma har ya nemo abin toshewa ya cusa. A bar shi, da zafi ya dawo laima ta ƙaru zai haɗe da kansa. Masu sana'ar suna son laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50, ƙaramar na'urar ƙara laima tana taimakawa. Abin tsoro na gaske shi ne gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara. Shi da yashi suke maƙalewa a takalmi su shigo su yi ta kartar man.

Nan ne fa muka yi wa kowa fintinkau. Abin da masu aikin ke ta roƙon mutane su yi, mu da shi muka tashi: takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa, ko na liman ne. Gidan da ka ga tulin takalma a ƙofa ranar suna, rabin kulawar an riga an yi ta. Saura a manna wa ƙafafun kujeru ɗan ƙyalle mai kauri, har da 'yar kujerar da Inna ke ja daga kicin zuwa falo.

In duk wannan bai shiga kunne ba, maganar kuɗi za ta shiga. Dokar jihar Niyok ta 2019 ta ce kuɗin ajiyar haya ba zai wuce na wata 1 ba, kuma mai gida ya mayar da shi cikin kwana 14 bayan an tashi, tare da lissafin abin da ya cire. Ba ya da ikon cire kuɗin tsufan da zama ke jawowa, amma ƙonewa da baƙin tabon ruwa da kartar firji ɓarna ce, a cikin kuɗinmu zai fanshe. Don haka, jama'a, ku ɗauki hoton kowane ɗaki ran da aka ba ku mabuɗi, ku yi haƙurin wata guda kafin shimfiɗa, bokiti kuma a bar shi a banɗaki.