Hutu a Guje

Iyalin da suka ɗauki ɗan jagora don zagaya Zanzibar a yini guda ba hutu suka saya ba, tsere suka biya wa kuɗi. Da hantsi suna lungunan tsohon gari, kafin azahar an kai su gonar kayan ƙamshi, inda maigida zai zare dala a nuna wa uwargida kanumfarin da ke cikin gwangwaninta a gida. Za a ce ba don jagoran ba, wa zai san kurkukun tsibirin Changuu na 1893 bai taɓa ganin fursuna ba? Haka ne, amma yana faɗa yana duban agogo. Yara kuwa sun tsugunna gaban wani ƙaton kunkuru a tsibirin, wanda tun saukarsu daga kwalekwale bai gama tauna ganye ɗaya ba.