Kayan Sallar Minti Goma da Sauran Ƙarairayin Daren Jajibere

Duk wanda ya ce akwai kayan Sallar da ake haɗawa cikin minti goma, a tambaye shi a hankali ko ya taɓa kankare kaskon da sukari ya ƙone a ciki. Ni dai ra'ayina shi ne, yawancin abin kunyar da ke fita daga gidajen Tudun Ƙofa a nan Keffi da safiyar Sallah, a rufe cikin samira da kula a kan yara, dogon buri ne ke jawo shi, rowa da ƙyuya ma ba su kai shi ɓarna ba. Za ka ga mace ta iya suyar gyaɗa tun tana 'yar shekara tara, babu wanda ya taɓa kushe mata, amma sai ta hango wata baiwar Allah a waya, hannu ya sha lalle, madafi fes babu ko ɗigon hayaƙi, ta kwaɓa dubulan ta soya ta jera kafin a ƙirga ɗari. Nan take zuciya ta raya mata cewa bana maƙwabta za su san an waye. Abin da ba a nuna mata ba shi ne an datse hoton, an cire awa uku na tsakiya, an cire kwaɓin farko da ya lalace, an kuma cire 'yan aiki biyu da ke bayan ƙofa suna wanke-wanke.

Tun daga lissafin lokaci ma maganar ta rushe. Ƙaramar Sallah ba ta da ranar da za a rantse a kanta sai daren 29 ga Ramadan, lokacin da kowa ke manne da rediyo yana jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato. In an ce ba a ga wata ba, an samu rarar yini guda. In kuwa aka ce an gani, to mai shirin alkaki ta shiga uku, domin alkaki bai san da zaman wata ba. Ɓarzajjiyar alkama ce da ake murzawa da mai, a kwaɓa da ɗan tsami, a rufe ta kwana ta tashi, sannan a naɗa, a soya, a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Kwanan nan da take yi shi ne asirinta. Wadda ta ce za ta yi wa alkama wayo ta rage mata shi, tana sakin naɗin farko a mai za ta ga ya watse kamar taron 'yan kallon dambe da hadari ya taso musu. Daga nan sai a koma kamun gutsattsari da matsami, ana salati, ana neman wanda za a ɗora wa laifi, mai injin niƙa ko yaron da ya yi magana ana tsakiyar kwaɓi. Magabata da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, ina kyautata zaton wani daren jajibere suka gani.

Cincin, wanda kowa ke ɗauka ɗan sauƙi ne, shi ma yana da nasa sharrin. In bota ta yi kaɗan sai ya fito tsakuwa. In ƙwai da bakin hoda suka yi yawa sai man ya yi kumfa ya taso yana neman bin murhu. In wuta ta yi zafi, waje ya yi baƙi ciki ɗanye, in ta yi sanyi ya sha mai ya yi lakwas. Na tsakuwar nan shi ya fi yawa a gari, kuma ina ganin ba a ba shi girman da ya kamata ba. Sunan Keffi daga kafi ya samo asali, wato shingen tsaro, kuma da a ce wannan nau'in cincin ya zo zamanin Abdu Zanga, wanda ya kafa garin, da ba a wahalar da kowa da saran itace ba. Da shi Magaji Ɗan Yamusa ya yi guzuri a 1902, sa'ad da ya bar Keffi ya nufi Kano bayan kashe Kyaftin Maloni, da ya isa da sauransa har ya raba wa fadawa. Kek kuwa da ake gasawa a tukunya kan yashi, saboda wutar lantarki ta saba tafiya nata hutun Sallar, hali biyu gare shi: ko ya ƙone ta ƙasa, ko ya faɗa ta tsakiya. Wani ma don ƙwazo yakan haɗa duka biyun.

Da a ce ɓarnar a madafi take tsayawa da da sauƙi. Amma bayan an ƙona fulawa mudu biyu da mai kwalba uku, babu mai zuciyar zubarwa, sai a zuba a kwano mai kyau a rufe, a ɗora wa yaro. Ya yi sallama ya ce, "Wai in ji Mama ga shi, barka da Sallah." Matar gida ta buɗe, ta leƙa, ta washe baki ta ce, "Kai madalla, ka ce mata an gode, Allah Ya maimaita mana," ta ba shi goron Sallarsa. Yana juya baya ta ɗauki ƙwaya guda ta gwada da haƙorin gefe, ta ji abin da ta ji, ta juye shi a nata kwanon, ta kira tata 'yar ta ce a kai gidan Hajiya. Ita ma Hajiya tana da haƙora, tana kuma son abinta. Haka cincin ɗin zai yi ta yawon Sallah, ya gangara Gangaren Tudu, ya leƙa Liman Abaji, ya ratsa Unguwar Rimi, kafin la'asar ya dawo gidan da aka soya shi cikin baƙon kwano, har da saƙon gaisuwa. Mai shi ta gane abinta sarai, don ita ta san yankan hannunta, amma dole ta yi godiya ta kuma ba da tukuici. A wannan lissafin an kashe kuɗi, an gajiyar da yara shida, an bayar da goron Sallah sau shida, kuma babu cikin da abu ya shiga.

Shawarata ita ce kowa ta aika da abin da hannunta ya riga ya sani, in kuma ba ta da gwaninta a komai, ta yi kantu. Muna zaune a jihar da riɗinta ya yi suna, ana lodinsa daga su Doma da Lafiya ana fita da shi har ƙasashen waje, amma da Sallah ta zo sai mu tsallake shi mu bi fulawa. Kantu abu biyu yake nema, riɗi da sukari. A wanke riɗin a rege tsakuwa, a shanya ya bushe tun saura kwana biyu, wannan kam ba ni da dabarar gajarta shi. Ranar yi a soya shi a busasshen kasko har ya fara tsalle yana ƙamshi, a narka sukari a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ja, a juye riɗin a gauraya da hanzari, a zuba a faranti da aka shafa wa mai, a murza da kwalba, a yanka tun da zafi. Rabin awa ne a bakin wuta, ba ya son ƙwai, ba ya son lantarki, ba ya jiran sanarwar wata. Wurin da kawai ake faɗuwa shi ne a tsaya amsa waya bayan an juye, don in ya huce ba a yanka ba sai an nemo taɓarya.

Na san abin da za a fara cewa: kantu ai abin tallar yara ne a bakin makaranta, aika shi ga maƙwabciya raini ne. To amma a duba wane kwano ne ke dawowa wayam. Babu wanda ke juye kantu ya tura gaba, tun a zaure ake fara rage masa hanya, maigida ma da ke cewa shi ba ya shan zaƙi sai a tarar da ƙwayar riɗi a gemunsa. Kuma addinin da ya kafa mana Sallar bai auna kyautar maƙwabci da tsada ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mata kada su raina abin da za su ba maƙwabciya ko da ƙofaton akuya ne, ya kuma umurci Abu Zarri ya ƙara wa romo ruwa don maƙwabta su samu. In ƙofato ya shiga, ban ga ƙofar da za a tare kantu ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan yi masa dariya ba. Masu shi suna cewa alkaki da nakiya da dubulan su ne mutuncin gida, su ake kaiwa gara, in kowa ya koma kantu wata rana za a wayi gari babu mai iya su. Gaskiya ne, kuma nakiyar da aka daka da shinkafa da man shanu da citta da kanumfari, wadda ke yin watanni ba ta lalace ba har matafiya na guzuri da ita, ta fi ƙarfin a haɗa ta da kantu. Sai dai a tuna yadda iyaye ke yin ta. Kwanaki kafin biki ake farawa, mata huɗu biyar a kan turmi, da tsohuwa guda a gefe wadda aikinta kawai ta ɗanɗana ta ce bai yi ba. Mai son gadon nan ya ɗore ta je wurin tsohuwar nan a watan Rajab ta ce, "Inna, koya mini," ta lalata kwaɓi biyu uku a ɓoye, 'ya'yanta su cinye asarar. Abin da nake ƙi shi ne a mai da maƙwabta filin gwaji, kuma a ranar da kowa ya sa sabon kaya.

Akwai masu cewa a saya kawai a huta, tunda garin da ke da jami'a da ma'aikatan Abuja masu kwana a nan ba ya rasa masu yin na sayarwa. Ba ni da ja, sana'a ce, Allah Ya sa albarka. Roƙona ɗaya, a ɓare takardar da ke manne a gindin robar mai ɗauke da lambar wayar mai yi, kafin a ce wa maƙwabciya jiya ba a runtsa ba saboda suya. Masu cewa a bar rabon gaba ɗaya saboda tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, su ne suka fi kowa ba ni hujja, domin in kuɗin fulawa da bota da ƙwai da mai ya gagara, riɗi mudu guda da sukari rabin mudu sun isa zagaye gidaje da dama.

Kada kuma a manta Keffi ba Sallah kaɗai take yi ba. Ranar 25 ga Disamba kwanukan kan juyo ta ɗaya hanyar, shinkafa da kaza da cincin daga maƙwabta Kirista, kuma kwano ba ya komawa fanko. Nan ma kantu ya fi kowa sa'a, don iskar hunturu na sa shi ya yi ƙaras-ƙaras, saɓanin Sallar da ta faɗo cikin damina, inda yakan yi danƙo in ba a rufe shi ruf ba. Ga mutanen Tudun Ƙofa kuma ina da roƙo na musamman: duk wadda ta san murfin kular maƙwabciyarta na gidanta tun Sallar bara, tana rufe ƙullun koko da shi, don Allah ta wanke ta mayar kafin a ga wata.