Gasar da Ba a Taɓa Fin Kowa Ba

A gasar wasan ces ta kowa da kowa, babu ruwan alƙali da furfurarka ko muƙaminka. Ka biya kuɗin shiga, kwamfuta ta haɗa ka da wanda makinku ya zo ɗaya. Shi ya sa za ka tarar da manajan banki, da tumbinsa da tsadadden agogonsa, zaune gaban yarinya 'yar shekara 9 wadda ƙafarta ko ƙasa ba ta taɓawa.

Manaja fa ya zo da shirinsa. Kwana ya yi yana kallon gwanin ces Magnus Carlsen a YouTube, kuma abin da ya fi kama masa shi ne dafe goshi. Minti 20 ya kwashe yana nazari, agogo na cin rabonsa, ya dubi silin, ya gyaɗa kai kamar mai yanke hukunci, sannan ya ɗauki doki ya dire shi daidai inda za a ɗauke a banza. Yana sakin hannu ya gani. Doka kuwa ba ta san "tsaya, tsaya" ba: abin da ka taɓa shi za ka motsa, wanda ka saki ya saku. Yarinya ta yi hamma, ta ɗauke dokin, ta rubuta a takardarta.

Sai an fito baranda ake jin jarumta. "Wallahi wasan a hannuna yake!" To me ya faru? Fanka ce ta cika ƙara, na kusa da shi yana tari, ita kuma yarinyar ba ta bi yadda littafi ya ce ba. Ka zagaya zauren nan kaf, kowa shi ke kan gaba, har ka rasa su wa aka yi ta cinyewa tun safe.

Tun da Carlsen ya naushi tebur a Nowe a 2025, da Gukesh na Indiya ya doke shi, teburan gasa suka shiga uku. Iya wasan ya gagara, naushin ne aka haddace.

Akwai kuma dokar waya: ta yi ƙara, ka faɗi nan take. Ruslan Ponomariov ma, yana zakaran duniya na hukumar ces ta FIDE, ta ci shi a 2003. Manaja na jin haka ya ciji yatsa don me ya kashe tasa. Gara ya ce wa uwargida waya ce ta kayar da shi, da ya ce 'yar aji uku.